Baƙo a Shagonsa

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye shi. Saboda haka abin da zan faɗa a kansa babu mai ce min ba haka aka yi ba, don waɗanda suka riga ni saninsa duk suna ƙarƙashin ƙasa. A layinmu ba a san shi da wani suna ba sai Tafireta. Yaran da suka taso ba su taɓa ganin keken buga rubutu da idonsu ba, su ma haka suke kiransa, suna tsammanin sunan da aka raɗa masa ke nan.

Ni ban yi makaranta ba. Shi aka sa, ni aka bar ni da wanke-wanke. Maganar nan da baki nake faɗa, ɗansa yana bugawa, kuma na gaya masa in ya rage ko ya yi wa kansa kwalliya a ciki, zan sa wani ya karanta min in ji.

Shagon yana ƙasan wani tsohon bene, tsakanin mai hoto da mai gyaran agogo, a hanyar da mutane ke bi in za su ofisoshi neman abin da ba za a ba su ba. Ɗaki ɗaya ne. Ƙofar ƙarfe mai naɗewa sama, fanka mai karkataccen wuya, tebur da aka tallafe ƙafarsa da kwali. Kujerarsa ta katako ce, matashin kanta ya lotsa daidai zamansa, wani in ya zauna sai ya ji kamar ya sa takalmin aro. Ni teburina yana bakin ƙofa: ambulan, fayil, gam, biro. Ko harafi ɗaya ban iya ba, amma na ci abinci da biro fiye da malamai da yawa.

Aikinsa buga wa mutane takarda. Mai neman aiki, mai ƙorafi, mai yarjejeniyar haya, wanda zai ba wa surukinsa haƙuri amma bakinsa ya yi nauyi. Masu irin aikin suna da yawa a layin, sai dai shi yana da wata cuta da babu mai ita. Keken rubutun nan ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. Sauran masu bugawa ba ruwansu, su buga su miƙa maka. Shi kuwa in ya zare takarda sai ya ɗauko wani siririn alƙalami daga aljihun gaba, ya bi ta layi-layi, yana sa wa kowane harafi ƙugiyarsa da hannu. Mai takarda yana tsaye yana duba agogo.

"Malam, ai za a gane."

"Za a gane me? Baki daban, baƙi daban. Ka rubuta wa mutum matarsa ta yi bari, ya ce bari na me? Zauna."

Sai mutum ya zauna. Ni kaina da ban san karatu ba na san 'yan ƙugiyoyin nan da ido, kamar na mahauta, don na ga an sa su ya fi a ƙirga.

Da zamanin tafireta ya wuce, abokan sana'arsa wasu suka koma ƙauye, wasu suka koma gadi. Shi ya sayo tsohuwar kwamfuta ya zauna gabanta da tabarau a kan hanci har ya koya wa kansa. Abu na farko da ya nema a cikinta shi ne ƙugiya. Ranar da ya samu yadda zai danna maɓalli harafin ya fito da lanƙwasarsa, ya kira ni in gani kamar an yi masa haihuwa. Daga ranar bai yarda wani ya taɓa masa cikin na'ura ba.

Ɗa ɗaya gare shi, wannan da ke bugawa. Uwarsa ta rasu yana rarrafe. Yana jariri in an kwantar da shi rubda-ciki sai ya dogara da hannuwa ya ɗaga kai yana gyaɗawa, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Uban ya yi dariya ya ce, "Ga Ƙadangare." Sunan ya bi shi. Da shi yake kiransa cin abinci, da shi yake lallashinsa in ya faɗi, a kan cinyarsa yake ɗora shi yana buga aiki da hannu ɗaya. Ana nan yaro ya zama saurayi, ya shiga babbar makaranta. Wata rana ya biyo ta shago da abokansa, da wata yarinya mai jan baki a cikinsu, uban ya ɗago ya ce, "Ƙadangare, ka ci abinci?" Abokan suka fashe da dariya, yarinyar har da riƙe ciki. Yaron ya tsaya a tsakiyar shago ya ce, "Baba, don Allah kada ka sake kirana da sunan nan. Ni ba yaro ba ne, kuma ba dabba ba ne."

Ƙanena ya ce, "To."

Wanda ya san shi ya san in ya ce "to" irin wannan, an rufe ƙofa an jefa makulli a rijiya. Ya koma ce masa "kai", daga baya da 'yan layi suka laƙaba masa Injiniya shi ma ya bi su. Shekaru suka wuce ban ƙara jin wancan sunan a bakinsa ba.

Akwai abin da ya kamata a sani game da gidanmu. Babanmu hankalinsa ne ya riga shi tafiya. Ya fara da mance inda ya ajiye hula, ya ƙare yana fita titi ba wando yana neman uwarsa da ta mutu tun kafin a haife mu. Tafireta ne ya yi jinyarsa, shi ke wanke shi, shi ke bin layi yana tambaya ko an ga wani tsoho. Bayan mun binne shi ya ce min, "Yaya, in kin ga na fara, ki gaya min kafin kowa ya gani."

Na ce, "Da lasifika ma zan gaya maka."

Muka yi dariya, amma na san ba wasa yake ba. Bai ji tsoron talauci ba, bai ji tsoron mutuwa ba. Wannan abu ɗaya ne tsoronsa.

Injiniya ya gama karatu, ya yi yawon neman aiki har takalmi ya cinye, ya dawo shagon ubansa. Yana da dabaru cike da kai: a sayi babbar firinta, a riƙa buga katin biki da allon talla, a daina zaman jiran masu ƙorafi. Ba mugu ba ne, zan faɗi wannan ko da yana jina. Gaggawa ce da shi, kuma ya ji labarin kakansa, sai ya sa wa uban ido. In tsohon ya bar makulli a jikin ƙofa, ya gani. In ya kira mai hoto da sunan mai agogo, ya gani. Ni kuwa tun ina budurwa nake barin tukunya a wuta, ba wanda ya kai ni asibiti.

Sai tsohuwar kwamfutar ta mutu, aka sayo sabuwa. Ta zo babu komai a cikinta, sai an zuba mata abin da ke tafiyar da ita, wanda suke ce wa babbar manhaja. Injiniya ya ce zai yi.

"Na gode. Je ka sayo tawada."

"Baba, wannan ba irin wadda ka sani ba ce."

"Ita ma ba ta san ni ba. Za mu saba."

Da yamma ne, rana ta shigo har ƙafar tebur. Ina zaune ina kallonsa ta gefen ido. Na'urar ta yi ta yi masa tambayoyi kamar ɗan sanda, yana karantawa a fili yana amsawa: wane harshe, wane irin rubutu, ƙarfe nawa. Daga nan ta tambaye shi wane ne mai gida. Su admin suke cewa. Shi ne wanda komai na cikinta sai da izininsa, shi ke sawa, shi ke hanawa. Ya gyara zama ya buga sunansa. Ta nemi kalmar sirri. Ya kalli titi, na ga bakinsa ya motsa kamar mai murmushi, sannan ya kare da hannun hagu ya buga. Ta ce ya sake, ya sake, ta karɓa.

Na ce, "Ni kake ɓoye wa? Ko ka rubuta min a goshi ai ba zan karanta ba."

Ta gama abin da take yi, ta mutu, ta farfaɗo. Wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo yana jiran kalmar. Ya buga. Ba haruffa ke fitowa ba, ɗige-ɗige ne baƙaƙe a jere. Ya danna. Akwatin ya girgiza, hagu da dama, kamar mutum yana cewa a'a.

Ya goge tabarau ya sake. Ta girgiza. Ya buga da yatsa ɗaya, a hankali, yana duba kowane maɓalli. Ta girgiza.

"Yaya, ta ƙi buɗewa."

"Ka yi mata sallama mana."

Bai yi dariya ba. Na duba wuyansa na ga gumi, ga fanka tana juyawa a kansa.

Injiniya ya dawo da tawada ya same shi a haka. Ya leƙa ta bayan kafaɗarsa.

"Ka duba ko manyan baƙaƙe ne a kunne?"

"Na duba."

"Faɗa min kalmar in buga."

"A'a."

"To rubuta min a takarda."

"Na ce a'a."

Mai hoto ya leƙo da kyamara a wuya, don kunnensa ya fi idonsa aiki. "Ku ƙyale dattijo, sunan budurwa ya sa. Tafireta, wace ce? Mai shayin can?"

Injiniya ya sassauta murya, kuma sassautawar ta fi tsawa ciwo. "Baba, ba abin kunya ba ne. Kowa yana mantawa."

"Ban manta ba."

"Na'ura ba ta ƙarya, Baba."

"Ni ma ba na yi."

Daga nan maganar ta daina zama ta kwamfuta. Injiniya ya ce abu ne mai sauƙi, a goge komai a sake zubawa, tunda babu aikin kowa a ciki. Uban ya hana. In an goge, an yarda ke nan ya manta. Yana so ta buɗe da kalmar da ya sa, a gaban ɗansa, a gaban mai hoto. Kullum ya riga kowa zuwa, in na iso in tarar ya ɗaga ƙofa rabi yana ciki yana bugawa. In ya matsa mata sai ta ce ya jira, ya naɗe hannu ya jira, kamar talaka a ƙofar ofis. Masu takarda suka riƙa leƙowa suna tsallaka titi wurin wata yarinya mai buga aiki tana taunar cingam, wadda ba ta san ƙugiya ba ko a rataye.

Na same shi shi kaɗai na ce, "Gaya min ni. Ai ba zan iya bugawa ba."

"Ke bakinki ba shi da murfi."

Gaskiya ya faɗa, ban yi musu ba. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaya, kin ga na fara?"

"Ban gani ba. Taurin kai na gani, shi kuwa da shi aka haife ka."

"Ai ke 'yar'uwata ce. Ba za ki faɗa ba."

Na rantse masa. Ya gyaɗa kai irin na wanda aka yi wa ta'aziyya.

Injiniya ya lallaɓa shi zuwa asibiti da sunan awon jini. Na bi su, don ban yarda da su biyun ba. Likitan yaro ne, da ladabi. Ya faɗa masa sunayen wasu abubuwa ya ce ya riƙe, ya sa shi ya zana agogo, ya tambaye shi ranar mako. Ƙanena ya gane abin da ake yi masa tun tambayar farko. Agogon da ya zana ya fito kamar ƙwai. Da aka dawo kan sunayen ya kawo wasu, ɗaya ya ɓace masa. Ni ma da an tambaye ni da ban kawo ba, don hankalina yana kan fuskarsa. Likita ya ce ba zai yanke hukunci ba tukuna, amma a rage masa aiki, a sa ido. Muka koma gida.

Washegari Injiniya ya goge na'urar ya sake zubawa. Kafin in gama jera ambulan ya gama. Ya sa kansa admin. Ya yi wa uban tasa ƙofar daban, wadda ba ta neman kalma ko ɗaya.

"Ka gani, Baba? Danna nan kawai ka shiga. Ba sai ka tuna komai ba."

Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Tsohon ya daɗe yana kallon allon. Da yaron ya fita ya ce min, "A sunan ƙofar tawa, ya rubuta bako."

"Me ke nan?"

"Ba komai ba ne. Babu kalma haka. Baƙo yake nufi."

Ya shiga ta ƙofar baƙin. Ya nemi ƙugiyoyinsa, babu. Ya je zai saka su kamar yadda ya saba, na'urar ta ce wannan sai da izinin mai gida. Ya kira ɗansa, ɗan yana waya da masu kawo firinta, ya ɗaga masa hannu ya ce, "Anjima, Baba." Anjima ta zo ta wuce, yaron ya manta, shi kuma ba a gan shi yana sa ido a kan mantuwarsa ba. Ƙanena bai sake tambaya ba.

Wata mata ta kawo takardar ƙorafi kan mai gidan haya. Ya buga mata, ta fito ba ƙugiya ko ɗaya. Ya laluba aljihun gaba ya zaro siririn alƙalamin nan, ashe duk shekarun nan yana tare da shi. Ya sa ƙugiya ta farko, ta biyu. Sai ya tsaya a kan wata kalma, alƙalami a sama, ya juyo ya ce wa matar, "Wannan da lanƙwasa take, ko?" Matar ta ce ita ina ta sani. Ya miƙa mata takardar a haka. Ita ce ta ƙarshe da ya buga.

Da babbar firintar ta iso ba ta sami wuri ba sai inda kujerarsa take. Aka jawo kujerar bakin ƙofa kusa da ni. Nan ya zauna yana miƙa wa mutane ambulan. Tsofaffin masu zuwa wurinsa suka riƙa gaishe shi da ƙarfi kamar kurma, suna tambayata a gabansa, "Yaya jikin nasa?" Ina ce musu, "Ga shi nan, ba a ɗinke masa baki ba." Shi sai ya yi murmushi ya dubi ƙasa. Ya fara tambayata kafin ya yi komai. Yau wace rana? Na ci abinci? Wancan mai agogo ne ko? In na ce ai ka sani, sai ya ce, "Ina dai tabbatarwa."

Daga baya ya daina fitowa. Ɗakinsa yana bayan benen, gado ɗaya, taga mai kallon bangon maƙwabta, tsohon keken rubutun a kan kabad an lulluɓe shi da zani. Na rufe teburina na koma jinyarsa. Zuwa lokacin ciwon na gaske ya iso, ba zan ɓoye ba. Hankalinsa yana zuwa yana ɗaukewa kamar wutar lantarki. Wata rana ya san ni, wata rana ya kira ni Inna.

Wata safiya ina yanke masa farce, ƙafarsa a kan cinyata, sai ya ce da muryarsa ta da, tas, "Yaya, yaron nan. Da yana ƙarami akwai sunan da nake kiransa, ko ni na ƙaga?"

"Ƙadangare. Wa zai manta?"

"An yi shi ke nan."

"An yi shi mana."

Ya rufe ido. "Shi na sa wa na'urar. Na buga shi har yatsuna suka yi ciwo, tana cewa babu. Sai na ce ƙila ba a taɓa yi ba."

Na ajiye ƙafarsa a hankali, na rufe shi, na ɗauki mayafina. Ban san komai game da na'ura ba, kuma ba gyara na je yi ba. Na je ne in saka wa yaron nan magana a inda za ta zauna. Na same shi da mutane a shago, firinta tana aman katin biki.

"Injiniya, ka san kalmar da ubanka ya kulle na'urarsa da ita? Wadda ya gwammace a ce ya haukace da ya faɗe ta a gabanka?"

"Gwaggo, ina da mutane."

"Su ma su ji. Ƙadangare."

Na zaci zai sunkuyar da kai, ya kuwa sunkuyar. Amma sai ya ɗago da wata irin fuska.

"Da ƙa ya rubuta? Mai lanƙwasa?"

"Ubanka ne fa. Da me kake so ya rubuta, da gishiri?"

Ya sallami mutanen, ya ja ƙofa ƙasa. Ya ɗauko wata ƙaramar kwamfuta ta hannu, ya shiga zuba mata manhajar nan daga farko, yana amsa tambayoyin yadda uban zai amsa. Da ta nemi kalma ya buga, ta karɓa. Ta mutu, ta farfaɗo, akwatin ya fito. Ya buga. Ɗige-ɗigen suka jeru. Akwatin ya girgiza masa kai.

Ya zauna yana kallonsa. Na ce ya yi min bayani da Hausa.

"Lokacin da ake zuba mata, Gwaggo, ta san ƙa, don ya zaɓi rubutunmu. Amma a bakin ƙofa da wani rubutun take tashi. Ka danna maɓallin nan, wani harafi daban take ji. Kuma ba ka gani, ɗigo ne kawai."

"A ciki ta san shi, a ƙofa ba ta san shi ba."

"Haka ne."

"To sai yaya?"

Ya kai yatsa can ƙasan allo, a lungu, wurin wani ɗan abu da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya danna, ya zaɓa, ya sake buga kalmar. Ta buɗe. Duk abin bai kai tafasar ruwan shayi ba.

Na ce, "Da ka ga wannan tun ranar."

"Da ya faɗa min."

"Kai ka hana shi faɗa. A tsakiyar shagon nan, a gaban mai jan baki."

Ya rungumi kwamfutar a ƙirji muka tafi. Muka tarar da tsohon a zaune bakin gado, ya sa hula, yana kallon bango. Injiniya ya durƙusa ya ɗora na'urar a kan gwiwarsa.

"Baba, ba ka manta ba. Kai ne da gaskiya. Duba ka gani, ita ce ba ta san ƙa ba."

Ƙanena ya dube shi da fara'a, irin wadda yake yi wa masu takarda. "Shafi nawa ne? Sai dai ku jira mai shagon. Ni baƙo ne."

"Baba, ni ne. Ƙadangare ne."

Tsohon ya leƙa fuskarsa sosai, da gemunta da komai, ya yi 'yar dariya. "A'a, malam. Shi ai ƙarami ne. Yana ciki yana barci, ku rage murya."

Yaron ya yi ta komawa. Da safe, da rana, duk lokacin da na aika masa cewa wutar hankalin uban ta dawo. Kafin ya iso ta ɗauke. Ni na gaya wa tsohon, a wata safiya da ya san ni, na ce ɗanka ya gwada, kalmarka daidai take. Ya ce, "Ai ke 'yar'uwata ce."

Likita ya ce da ma ciwon yana hanya, da kwamfuta da babu. Ƙila haka ne, shi ya yi karatu. Ni dai na san mutumin da ya zauna gaban na'urar nan da yammar nan garau yake, kuma na ga ranar da ya daina yarda da kansa, ba labari aka ba ni ba.

Yana nan da ransa. Yana cin abinci in an ba shi a baki. In na cire zanin da ke kan keken rubutun na ajiye masa, yakan ɗora yatsunsa a kai, kowanne a mazauninsa, amma ba ya dannawa. Injiniya ya matsar da firintar ya mayar da kujerar wurinta, shi kuma a kan benci yake aiki, bayansa yana ciwo, ban ce masa ya daina ba.

Na ce in ya gama buga wannan ya fitar min a takarda. Karatu ban iya ba, amma ƙugiya na san ta, zan bi layi-layi in duba.